Kaskon Ɗiban Wuta

Maigidana ya kashe kwamfutar amininsa ranar wata Talata, tsakanin azahar da la'asar, ina tsaye a wurin da kwanon abinci a hannu. Na kai masa ne don ya ce ba zai dawo gida ba sai ya gama aikin. A lokacin jihar Kebbi ba ta cika shekara goma ba, kwamfutocin da ke Yelwa kuwa mutum zai iya ƙirga su da yatsun hannunsa, ya kuma faɗi mai kowace.

Malam, haka nake kiran maigidana, gyaran rediyo da talabijin yake yi kusa da tashar mota. Ni kuma ina koyar da aji uku a firamare. Aminin nasa tare suka tashi tun suna ninkaya a bakin ruwa, shi ne ya buɗe shagon buga takardu, yana yi wa mutane katin biki da takardar neman aiki da jarabawar makarantu. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci a gidanmu yake cin abinci. Yana da kwanonsa na kansa, wani mai shuɗin baki, kuma kan kifi nasa ne, ko giwan ruwa na dafa ko tarwaɗa. Kullum sai ya ce gishirina ya yi yawa, kullum kuma sai ya suɗe kwanon. Nakan ce masa ranar da ya bar ko loma ɗaya zan yarda da maganarsa.

Ga yadda abin ya faru. Aminin ya sayo wa kwamfutarsa sabuwar ma'ajiya babba, don tsohuwar ta cika da takardun mutane, amma kwamfutar ta ƙi ganin sabuwar. Malam ya karanta a wasu takardu cewa a kan allon cikin kwamfuta akwai wata 'yar baƙar aba mai ƙafafu jere a gefe biyu, masu gyara suna ce mata aisi. A cikinta aka rubuta karatun farko da kwamfuta ke yi da zarar an kunna ta, tun kafin ta san tana da gilashi ko madannai. In aka goge tsohon karatun aka rubuta sabo, za ta gane ma'ajiyar. Aikin bai kai minti ɗaya ba. Sai dai a cikin mintin nan tsohon karatu ya tafi, sabon kuma bai gama shiga ba.

A cikin wannan mintin aka ɗauke wuta. Ruwan Kainji da ake haɗa wutar da shi ga shi nan muna hange daga bakin kasuwa, shi ya cinye gonakin kakanninmu, amma wutarsa ba ta iya yi mana haƙurin minti ɗaya ba. Da aka dawo da ita Malam ya danna makunni. Fanka ta juya, gilashi ya tsaya baƙi ƙirin. Ya kashe ya kunna ya fi sau goma, ko 'yar ƙarar nan da take yi in ta farka ba ta yi ba.

Akwai mutane a shagon, masu jiran takardunsu. A gabansu aminin ya dubi Malam ya ce, "Amana na ba ka, kai ko ka kashe min ita. Rediyo ka sani, da ka tsaya ga rediyo." Ya sa aka ɗauki kwamfutar aka dire a shagon Malam, ya ce ya riƙe gawarsa. Malam ya sunkuya ya tattara kayan aikinsa. Ni ce na buɗe baki zan yi magana, ya dube ni sau ɗaya, na haɗiye. Har yau ina jin ɗacin abin da na haɗiye ranar.

Juma'a ta zo, aminin bai zo ba. Malam ya zauna a zaure da tabarma shimfiɗe har abinci ya huce. Inna, mahaifiyar Malam da ke zaune tare da mu, ta leƙo ta ce, "Ina mutumin naka?" Ya ce mata wataƙila aiki ya riƙe shi, alhali duk garin an san ba shi da abin yin aikin. Ni ba ni da haƙurin Malam, ban kuma taɓa neman in samu ba. Na ɗauki kwanon nan mai shuɗin baki na hau kujera na cusa shi can saman kabad, na ce ko mutumin nan ya zo da rarrafe ba zai ƙara cin tuwona ba. Na faɗa da ƙarfi don Malam ya ji, ya kuma ji.

Abin da ya fi damuna shi ne Malam kansa. Mutanen tasha sun fara yi masa shaguɓe, in ya wuce sai wani ya ce a ɓoye agogo kada ya gyara. Wannan bai dame shi ba. Rashin aminin nan ne ke cin sa. Mutum ne marar yawan abokai, wanda zai yini da ƙarfen narka dalma a hannu bai yi magana goma ba, amma in suka haɗu su biyu sai ka ji dariyarsa har cikin gida. Dariyar nan ita ta ɗauke, kuma na san ba za ta dawo ba sai mai ita ya dawo.

Kowa ya kawo shawararsa. Wasu suka ce a kai Kaduna a canja allon gaba ɗaya, aka aika, aka ce irinsa ya ƙare. Wani ya ce akwai na'urar da ake ciro aisin a sa a cikinta a rubuta masa karatu daga waje, amma sai Legas, masu ita kuma ko murfinta ba sa bari a buɗe. Malam ya ji wannan ya yi kwana biyu yana juya maganar. A na uku ya shiga motar Sakkwato, wurin wani da suka yi makaranta tare, wanda ke aiki a inda ake da intanet.

Ya dawo da takardu bakwai da ɗan faifai guda a aljihun gaba. Takardun zane ne na yadda mutum zai haɗa irin na'urar nan da hannunsa, wayar nan ta tafi can, waccan ta dawo nan, har ta shiga bayan kwamfuta mai rai ta ramin da ake jona firinta. Faifan kuma yana ɗauke da umarnin da zai tuƙa ta. Wasu mutane ne a wata ƙasa mai nisa suka yi, ba su san Malam ba, ba su san akwai wani gari wai shi Yelwa ba. A saman takardar farko sun rubuta cewa duk wanda ya ga dama ya kwafa, ya gyara, ya ba wani. Sharaɗinsu ɗaya ne, in ka gyara kada ka ɓoye gyaran.

Na karanta layin nan sau uku ban yarda ba. Ni a nan na tashi, inda masassaƙin jirgi ba ya gaya wa ko surukinsa yadda yake lanƙwasa katako, mai maganin kunama kuma sai ya juya maka baya kafin ya haɗa. Na ce wa Malam ko dai abin ba ya aiki, ko akwai wata a ƙasa. Ya ce, "To mu gwada mu gani, Malama. In bai yi ba, mi munka rasa?"

Zaurenmu ya koma shago na biyu. Da safe kafin ya fita zai yi awa ɗaya a kai, da la'asar in ya dawo ya ɗora. Rabin kayan da takardun suka lissafa babu su a Yelwa, babu a Kontagora. Sai ya shiga farke matattun rediyo da bidiyo da suka shekara a ƙarƙashin tebur, yana ciro wannan yana aunawa da mita, yana ajiye wancan. Gurbin da aisi zai zauna daga wani ruɓaɓɓen allon kwamfuta ya ɓanɓaro shi. Wurin da masu zanen suka ce a jona da wutar gida kuwa, nan ya ƙi. Ya ce wutar gida ta yi masa sau ɗaya, ba za ta ƙara ba. Ya sake tsarin wurin don na'urar ta sha daga batirin mota, ya ƙara ɗan jan ƙwan fitila da zai kama duk lokacin da ake rubutu, don kada wani ya taɓa.

Da gyare-gyarensa suka yi yawa, takardun suka cika da gogewa da kibiyoyi har shi kansa ya fara ɓata. Ya ce tunda ni ce mai rubutun allo mai kyau, in sake zana masa duka a kan babban kwali. Na ji daɗi, don na gaji da kallo kawai. Na zauna da rula da jan biro da baƙi, na zana aisin da ƙafafunsa talatin da biyu, na sa wa kowace lamba. Ban tambaye shi daga ina ake fara ƙirga ba. Me zai sa in tambaya? Tun ina ƙarama da dama aka koya mini fara komai, cin abinci, sa takalmi, karatun allo, har rabon goro a taro. Na sa lamba ɗaya a dama na gangara.

Kwana uku Malam yana bin zanena waya bayan waya, bai duba na asali ba don ya yarda da ni. Ranar gwaji Allah ya taimake mu bai sa aisin amininsa ba, wani tsoho ya sa wanda ba a damu da shi ba. Ya jona batir, jan ƙwai ya kama, muka dubi juna. Sai wani wari ya tashi kamar an ƙona roba. Ya kai yatsa ya taɓa aisin, ya janye da sauri ya sa a baki. Ya ɗauko takardun asali ya jera da kwalina, ya daɗe yana kallo. Ni kuwa na riga na shirya abin da zan ce in ya yi faɗa, don ko da laifina ba na rasa abin cewa.

Sai ya fashe da dariya, yatsa a baki, har da hawaye. "Malama," ya ce, "su waɗanga mutane da hagu suka farawa." Rabon da in ji dariyarsa tun ranar Talatar nan. Na ji kunya, na kuma ji daɗi, ban san wanne ya fi ba. Na sake zanen tun daga farko, a saman aisin na zana hannu yana nuni, na rubuta da manyan baƙaƙe, FARA DAGA HAGU. Ya warware aikin kwana uku ya sake, bai ƙara tayar da maganar ba, sai dai in na miƙa masa ruwa ya ce da wane hannu zai karɓa.

Na'urar ta yi aiki a gwaji na biyu, aƙalla ba ta ƙona komai ba. Ya sa ta cikin wani ɗan akwatin katako da wani masassaƙi ya haɗa masa da ragowar katakon jirgi. Saura abu ɗaya. Ana bukatar kwamfuta mai rai, irin ta aminin sak, don a kwafo karatun da ke cikin aisinta a zuba a mataccen. Malam ya ce ba zai ƙara yarda da sabon karatun nan ba, yadda aka ba shi amanar haka yake so ya mayar. Irin kwamfutar kuwa guda ɗaya ce a duk yankinmu, don tare aka sayo su. Tana Wara, a ƙasar Ngaski, hannun wani tsohon hedimasta da ya yi ritaya, yana buga wa cocinsu takardun waƙa, yana kuma rubuta wa mutane wasiƙu.

Malam ya aika masa da saƙo ta hannun wani direban jirgi. Amsa ta dawo a taƙaice. Labarin abin da ya faru a Yelwa ya riga ya haye ruwa, hedimasta ya ce ya gode, amma tasa lafiyarta lau, kuma haka yake so ta zauna. Ban ga laifinsa ba, ko da yake na faɗi maganganu a kansa a madafa waɗanda ba zan rubuta a nan ba.

Inna tana gefe tana tsinke zogale ta ji muna maganar. Ta tambayi ɗan wane ne, aka gaya mata. Ta ce a sake yi mata bayanin abin da ake so a yi. Malam ya fara kawo aisi da karatun farko, ta ɗaga hannu ta tsayar da shi.

"Za a cire wani abu cikin tashi?"

"A'a, Inna. Kwafowa ɗai za a yi."

"Tashi za ta ragu?"

"Ko kaɗan."

"Ashe ɗiban wuta na," in ji ta. Ta karkaɗe zaninta ta ce a nema mata wuri a jirgin ranar kasuwa, da ita za a tafi.

Inna mutuniyar gungu ce. A wani tsibiri a tsakiyar kogi aka haife ta, a can ta yi aure, kafin ruwan Kainji ya taso a kwashe su zuwa tudu. Ba ta cika son shiga jirgi ba tun daga lokacin, ta ce ba ta son bi ta saman gidan ubanta. Amma ranar ta riga mu shiga. Muka zauna tsakanin buhunan albasa da kwandunan busasshen kifi, ni ina rungume da akwatin katako, Malam da batir tsakanin ƙafafunsa, mataccen aisin kuma cikin kwalin ashana a aljihunsa. Duk bayan ɗan lokaci sai ya shafa aljihun.

Hedimasta ya karɓe mu da mutunci, dogon mutum mai furfura da tabarau a rataye a wuya. Da ya ga Inna sai ya durƙusa har ƙasa, don ya gane ta. Aka gaisa, aka tambayi na gida da waɗanda suka rasu, aka sha ruwa. Sannan Inna ta gyara zama.

"Ka tuna gidanmu na gungu?" ta ce. "Ina sabuwar amarya, danga guda ta raba ni da uwarka. Ranar da wutarta ta mutu, wa take aikowa da kasko?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ni na, Inna."

"Na taɓa hana ka?"

"Ba ki taɓa ba."

"Ranar da tawa ta mutu, ni ma wurinta nike zuwa. Ita tana zuwa coci, ni ina salla, ba wadda ta taɓa tambayar wata mi za ki dafa da ita. Kuma ban ga murhun da ya mutu don an ɗebi garwashi guda ba. To ga ɗana ya taho da kaskonai."

Hedimasta ya sosa ƙeya ya ce, "Inna, kwamfuta ba murhu ba ta."

"Ni ban san ta ba," in ji Inna. "Kai ka yi boko. Ga takardu nan, ka duba da idonka."

Ya sa tabarau. Malam ya shimfiɗa masa takardun asali da kwalina a kan tebur. Na zaci dubawa ɗaya zai yi, ashe hedimasta ne na gaske, sai da ya bi layi bayan layi da yatsa kamar mai duba jarabawa. Ya tambayi inda wannan wayar ta nufa, ya tambayi abin da umarnin faifan zai ce wa kwamfutarsa. Malam ya nuna masa a rubuce, don masu abin ba su ɓoye ko layi ɗaya ba, ga wurin da ake karantawa daga tasa, ga wurin da ake rubutawa, rubutun kuma waje yake fita, zuwa akwatin katako. Ya tsaya a kan hannun da na zana ya ce wa ya yi wannan. Malam ya nuna ni, na sunkuyar da kai. Daga ƙarshe ya cire tabarau ya ce da abin a rufe yake da ba zai yarda ba, ko da Inna ta kwana tana magana. Inna ta ce ai da ta kwana.

Shi da kansa ya cika janareta da mai ya tayar. Malam ya jona akwatin a bayan kwamfutar, ya fito da aisin daga kwalin ashana, ya duba hagu da dama sau biyu, ya dube ni, sannan ya danna shi a gurbinsa. Kwafowar ba ta ɗauki komai ba. Rubutun ne ya daɗe, kamar tsawon dafa shayi. Jan ƙwan nan ya kama, muka zuba masa ido mu huɗu, ga ƙarar janareta da awaki a waje. Malam ya riga ya gaya mini ko wuta ta ɗauke yanzu ba komai, sai dai a sake, tunda aisin yana waje. Duk da haka na ga gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Da ƙwan ya mutu ya sa aka gwada abin da aka rubuta da na asali, suka zo daidai. Hedimasta kuwa sai da ya buga takarda guda a firintarsa ya ga ta fito lafiya. Sannan ya ce yana son kwafin kwalin nan, don ba a san gobe ba.

Washegari da safe a shagonsa Malam ya mayar da aisin cikin kwamfutar amininsa, ya yi bisimilla ya danna. Ta yi 'yar ƙarar nan guda ɗaya, rubutu ya hau gilashi. Ban taɓa jin ƙara mai daɗinta ba. Ya goge ta tas, ya ɗora a baro ya tura da kansa har shagon buga takardu, ta gaban 'yan tashar nan masu shaguɓe. Aminin ya kunna, ya ga takardun mutane duk suna nan. Ya ce, "Na gode," yana kallon ƙasa. Malam ya ce ba komai, ya juyo da baronsa.

Na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Juma'a ta zo, Malam ya shimfiɗa tabarma a zaure, ba wanda ya zo. Wata Juma'ar ma haka. Na gane daga baya cewa fushi ya daɗe da barin mutumin, kunya ce ta riƙe shi, don abin da ya faɗa a gaban mutane ya faɗa. Amma a lokacin ban yi masa wannan uzurin ba. Ina kallon Malam yana tsakurar abinci yana turewa, raina yana ƙara ɓaci.

Labarin akwatin kuwa ya bazu. Inna ta riga ta raɗa masa suna, kowa kasko yake ce masa. Wani mai gyara ya zo daga Kontagora yana son ganin zanen, wani daga Shanga, har da ɗaya daga cikin masu cewa a ɓoye agogo. Na ja Malam gefe na ce ya kulle kwalin nan a akwati, wannan sirrin sana'arsa ne, da yatsansa ya ƙone a kai. Ya ce, "Malama, da waɗanda sunka yi shi sun kulle, da yanzu ina muke? Kuma sun ce kar a ɓoye gyara. Na karɓa bisa wanga sharaɗi." Na ce ai ba za su sani ba. Ya ce shi ya sani. Haka na zauna da takardar kabon ina kwafa uku uku ina ƙunƙuni, kowane da hannunsa mai nuni da hagu. Guda ɗaya ya aika Sakkwato, don a tura wa masu abin gyaransa na batir da jan ƙwai.

A Juma'a ta huɗu, an sauko daga masallaci, na ji sallama a ƙofar zaure. Na san muryar. Na leƙa ta labule na gan shi tsaye a bakin ƙofa, takalmi a ƙafa, hula a hannu yana juya ta. Ya rame shi ma. Ya ce wa Malam ba zama zai yi ba, wani surukinsa ne mai gyara a Shanga ya roƙe shi ya karɓar masa takardar kasko. Surukin nan kuwa satin da ya wuce ya zo da kansa ya karɓa, ni na rubuta masa da hannuna. Malam ma ya sani. Amma sai ya tashi ya shiga neman takarda a cikin tarkacensa, yana ɗaga wannan yana ajiye wancan, alhali ga su nan a gabansa. Su biyun ba wanda ya iya kallon ɗan'uwansa, kuma na ga alamar in aka bar su haka zai karɓa ya tafi.

Inna ce ta fito da butarta za ta wuce. Ta tsaya ta dube shi daga hula har takalmi, ta yi masa tambayar da akan yi wa baƙon da ya ƙi zama.

"Kai kuma, ɗiban wuta ka taho?"

Sai ya sunkuya ya cire takalmin, ya shigo ya zauna a gefen tabarma, daidai wurin da ya saba. Ya ce, "Na yi maka ba daidai ba," a hankali, kamar mai magana da tabarmar. Malam ya ce, "Wuce nan. Sabuwar ma'ajiyar taka har yanzu kwamfutar ba ta gan ta ba ko? Gobe mu sa mata sabon karatun, yanzu ko an ɗauke wuta muna da kasko."

Na koma ciki na jawo kujera na hau, na laluba saman kabad na sauko da kwanon mai shuɗin baki. Na wanke shi sau biyu. Rantsuwar da na yi kuwa, na yi azumin kaffararta daga baya, ban kuma gaya wa kowa dalili ba. Na buɗe tukunya, kan giwan ruwa yana nan a gefe inda na saba ware shi. Tun ranar da na cusa kwanon nan a sama, ba Juma'ar da ban sayi kan kifi ba, sai dai in rufe shi har la'asar sannan in ba maƙwabta.

Na kai musu na ajiye na koma ciki. Ina bayan labule na ji ya kai loma ta farko, sannan ya ɗaga murya yadda zan ji.

"Malama, gishirin nan ya yi yawa."

Malam ya yi dariya har sai da ya ƙware. Da na je ɗauko kwanon, ko miyar da za a ba kyanwa bai bari ba.